Komai Nisan Jifa

A watan Yuli tsaunin nan yakan tuɓe farar rigarsa,
ya tsaya da ciyawa da duwatsu kawai,
kamar mai gidan da baƙi suka watse suka bar masa kwanuka.
Kujerun da nake juya wa masu sulu da hunturu
suna rataye a waya, suna lilo, ba kowa.
Iska ce kaɗai ke hawa, ita kuma ba ta yankar tikiti.

Ni da Oddvar muka haura da ƙafa.
Gwiwarsa ta hagu ta riga shi yin ritaya,
shekara shida rabonsa da ƙanƙara,
amma hannun dama bai ji labari ba.
Faifai goma sha ɗaya ne a jakarsa, kowanne da halinsa:
ja mai taurin kai, kore mai karkata hagu,
da wani fari da haƙoran kare suka yi wa zane.

Ƙarfe takwas na dare, rana na nan tana gadi.
Tumaki da ƙararrawa a wuya
sun mamaye kwando na huɗu, sai da muka ba su haƙuri.
Na jefa, na daki itace.
Na sake, na daki ƙanensa.
Oddvar ya rubuta biyar a takarda, alhali shida na yi,
na gani, na yi shiru.

Kwando na tara yana can ƙasa,
gangaren da yara ke tsoro a Janairu.
Daga nan sama sarƙoƙinsa kamar ɗan kunne a ciyawa.
Na ja baya, na saki,
faifan ya miƙe, ya yi tsaye a iska kamar shirwa,
har na fara jin kaina wata aba.
Sai iska ta canza shawara.
Komai nisan jifa, in ji masu magana.
Ba su dai ce a ina ba.

Muka shiga nema a ƙarƙashin waya,
inda ƙanƙara ke amayar da abin da ta haɗiye:
safar hannu mara 'yar'uwa,
rabin sanda, tabarau mai ido ɗaya,
makullin motar wani da ya kwana yana zagi.
Yatsuna suka yi shuɗi da 'ya'yan itacen daji.
Nawa ban gan shi ba.
Na wani na gani, ruwan ɗorawa, ya koɗe,
gansakuka ta fara gina gida a bakinsa.

Na juya bayansa. Tawada ta ci rabin sunan,
lambar waya ce ta tsira.
Dokar wasan ke nan, wanda ya tsinta ya kira.
Na danna. Na kara a kunne.

Aljihun Oddvar ya hau ƙara.

Bai ɗauka ba. Ya bar ta ta gama kukanta.
Ya ce, ta Gunnhild ce, ban rufe layin ba,
kuɗin ba su da yawa.
Ya ce, kwana biyu muka yi muna nemansa, tana ta faɗa,
wai ni na yi tari lokacin da ta jefa.
Ya goge shi da hular kansa, gaba da baya.
Na yi tarin kuwa, in ji shi.

Daga inda faifai ya faɗi ake jifa ta gaba,
ko an shekara huɗu.
Ya gyara tsayuwa a kan gwiwar kirki,
taku talatin tsakaninsa da kwando.
Na riƙe numfashi, kada in yi tari.

Bai shiga ba.
Ya daki bakin ƙarfen, ya gangara, ya kwanta.
Oddvar ya ɗingisa, ya sunkuya, ya ɗauka, ya sa da hannu,
sarƙoƙin suka ce kacau.
Ya ciro takarda, ya buɗe sabon layi a ƙasan nawa,
ya lashi bakin fensir,
ya rubuta uku.